Daga Gandun Ɗorayi Zuwa Layin Tallafi: Waiwaye Kan Tarihin Talauci a Kano



A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce mutum miliyan 133 a Nijeriya, wato kashi 63 cikin ɗari, suna fama da talauci idan aka auna da ma'aunin da ya haɗa abinci, lafiya, ilimi, ruwan sha, muhalli da aikin yi. Sakkwato ce ta fi kowace jiha yawan kaso, amma in kawuna za a ƙirga Kano ce a gaba, da mutum sama da miliyan goma. Wannan Kanon dai ita ta haifi Aliko Ɗangote, wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka, ita kuma ta haifi Abdussamad Rabi'u. To ya aka yi gari ɗaya ya riƙe kambu biyu haka? In ka jefa tambayar a majalisa, amsa ba ta wuce biyu: wannan ya ce lalaci ne ya yi mana yawa, wancan ya ce shugabanni ne ɓarayi, shi ke nan an rufe zance a koma hirar ƙwallo. Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin yana da tarihi, kuma wani babban yanki na tarihin a nan ƙasar Gwale ya faru, tsakanin Ƙofar Kabuga da Ɗorayi, inda da yawanmu muke hawa adaidaita kullum mu wuce.

Mu fara da kalmar kanta. A Hausa “talaka” tana ɗauke da ma'ana biyu da suka manne da juna: wanda ba shi da abin hannu, da kuma wanda ba ya cikin gidan sarauta. Attajirin da ya tara raƙuma da bayi a Kurmi shi ma talakan sarki ne, in ya je fada sai ya tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa. Harshenmu tun asali ya gane cewa rashin dukiya da rashin iko 'yan gida ɗaya ne. Ƙarƙashin talaka kuma akwai matakai. Akwai mai rufin asiri, wanda zai ci yau ya ci gobe ba tare da maƙwabci ya ji ba. Akwai faƙiri da miskini, waɗanda malamai suka bambance a babin zakka. Can ƙasa akwai matsiyaci, wanda ko bashi ba a ba shi. Duk wanda zai tsara manufa ya zuba waɗannan mutane a buhu ɗaya ya rubuta “marasa ƙarfi” a jiki, tun daga nan ya fara kuskure, don abin da zai tsamo ɗaya ba zai ko motsa ɗayan ba.

Kanon da Barth ya gani

Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya kiyasta mazauna birni da kusan dubu talatin, ya kuma yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi, sana'ar ba a wata babbar masana'anta ake yin ta ba, a cikin gidaje take: mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na rini, mabuga na bugu. Ya rubuta cewa magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, kowace rijiyar rini kuma ana biya mata kuɗin karofi wuri 700, ga shi rijiyoyin sun haura dubu biyu. Makiyayi na biyan jangali, manomi na fitar da zakkar hatsi, mai lambu na biyan kuɗin rafi. Jihadin Shehu Usmanu ya soki yawan harajin sarakunan Haɓe, amma kafin ƙarnin ya yi nisa da yawa daga cikin harajin sun dawo.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son faɗa ba. Wani kaso mai yawa na hatsin da ya ciyar da fada, da audugar da ta ciyar da masaƙa, bayi ne suka noma. Sarki na da gandaye a wurare irin su Fanisau, Nasarawa da Ɗorayi, manyan masu sarauta da attajirai su ma suna da rinjinsu. Ɗorayin nan da muke cewa “ɗan hanya ne” in mai adaidaita ya tambaye mu, gonar sarki ce a da, kuma waɗanda suka yi mata noma ba su da ikon kansu balle ikon amfanin gona.

Shin akwai wani tsari na kula da marasa ƙarfi a lokacin? Akwai, daidai gwargwado. Baturen Birtaniya Clapperton, da ya zo a 1824, ya ga unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa, waɗanda sarki ke ba wani abu, suna kuma bara a kasuwa. Makafi na da sarkinsu, kutare na da nasu, guragu haka, wato an ba su matsayi da wakili a fada. Sauran nauyin kuwa jama'a ne suka ɗauka: ciyayya tsakanin maƙwabta, gayya a gona, gudummawa ranar biki, adashi, ragowar tuwo ga almajiri, ubangida da baransa. Magidanci mai hankali yana da rumbun tsimi da ba ya buɗewa sai shekara ta ɓaci.

Wani masanin tarihi, John Iliffe, a littafinsa na 1987 kan talakawan Afirka, ya kawo wani bayani da nake ganin shi ne mabuɗin wannan darasi gaba ɗaya. Ya ce a zamanin da ƙasa ke da yalwa, matalauci na dindindin shi ne wanda ba shi da ƙarfin jiki ko ba shi da mutane: makaho, maraya, tsohuwar da ba ta da ɗa, ko bawan da ƙarfinsa na wani ne. Idan ƙasa ta yi ƙaranci kuwa sai a sami sabon matalauci, ƙato lafiyayye mai son aiki amma babu gona babu aikin. Duk tsare-tsaren gargajiyarmu an gina su ne don na farkon. Ciyayya za ta riƙe tsohuwa ɗaya a lungu. Ba za ta riƙe samari arba'in marasa aiki a lungun ba.

Ta Ƙofar Kabuga

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu ba ya gari. Abu uku suka biyo baya da suka sauya ma'anar arziki da tsiya.

Bauta dai ba a soke ta dare ɗaya ba. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, aka hana saye da sayarwa, amma waɗanda ke hannu aka bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu, wato bawa ya je ya yi nema yana biyan ubangijinsa. Sai a 1936 aka haramta bautar gaba ɗaya. Ku lura da wanda ya biya kuɗin 'yancin: bawan ne da kansa. Ya fito ba jari, gonar da yake nomawa kuma sau da yawa ba tasa ba ce. Ita ƙasar ma dokar 1910 ta riga ta sa ta ƙarƙashin ikon Gwamna.

Na biyu haraji. Aka aika malaman taki suna auna gonaki da sawu, aka ce kuma da kuɗin Bature za a biya, wuri ya daina aiki. Kuɗin na shiga baitulmalin En'e, gwamnati ta ɗauki kasonta, a biya sarki da hakimai albashi daga ragowar. Ba a ce ba a yi komai da shi ba. Da shi aka gina asibitin birni, aka jawo ruwan famfo daga Chalawa a farkon shekarun 1930. Sai dai makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 'ya'yan sarakuna da na malamai aka fara ɗiba, saboda haka tun ranar farko ilimin boko ya bi layin da iko ya riga ya shata.

Na uku jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911. Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, don ita ce ke kawo sulallan biyan haraji. Damina ta 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba a 1914. Jama'a suka yi ta kwarara birni daga ƙauyuka har daga ƙasar Faransi, mutane suka mutu ba adadi, haraji kuwa ba a daina karɓa ba. Fari ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sabon abin shi ne manomin da aka tilasta wa sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da komai ke araha, don ya sami kuɗin haraji, sai rumbun tsimi ya zama tarihi. An sake yin wata yunwar a 1927, aka kuma yi 'Yar Gusau a lokacin yaƙin duniya na biyu.

A wannan kasuwar gyaɗar ne Alhasan Ɗantata, ɗan Bebeji mai fataucin goro zuwa Gwanja, ya zama babban dillalin kamfanonin Turawa. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa sulallansa ajiya. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, kuma Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Ban kawo wannan don zargi ba, mutumin ya yi nema ya samu. Tsarin nake so mu kalla. Mai jari yana ba da kuɗi da damina, lokacin da manomi ke cikin matsi, ya karɓi gyaɗa da kaka. Daga 1949 kuma hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashi, tana biyan manomi ƙasa da abin da ake saye a kasuwar duniya, tana tara rarar. Da irin wannan rarar gwamnatin Arewa ta zuba jari a ayyuka kamar masaƙar Kaduna ta 1957. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa in na ji ana cewa a dawo da zamanin dalar gyaɗa nakan so in tambaya: a dawo da shi a matsayin wa, mai lasisin saye ko mai fartanya?

Abin da aka gano a Ɗorayi

Nan ne wurin da nake so mu ɗan zauna. A 1971 zuwa 1972 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, masaniyar tattalin arzikin karkara, 'yar 'yar'uwar shahararren masanin nan Keynes, ta yi bincike a yankin Ɗorayi. A lokacin ƙauye ne a bayan ganuwa, gidaje a warwatse cikin gonaki. Kafin nan ta yi irin wannan aiki a Batagarawa kusa da Katsina. Littafinta na Ɗorayi, Population, Prosperity and Poverty, ya fito a 1977, yana kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970.

Abin da ta samu ya saɓa wa abin da masana ke zato a lokacin, wai ƙauyen Afirka kowa daidai yake da kowa, talauci ne na bai ɗaya. Ta tarar da cunkoson jama'a mai tsanani, kowane taƙi na ƙasa ana nome shi shekara da shekaru ba hutu, ana raya shi da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Ta tarar da manyan gidaje da mutane da yawa ƙwarai ke zaune a ciki, 'yan uwan juna, amma a cikin gida ɗaya wani na da gonaki masu yawa wani kuwa kusan ba shi da komai. Gado ya yi ta yanka gona har ta koma ba ta ciyar da mai ita.

Bayaninta na yadda talauci ke riƙe mutum shi ya fi tsaya mini a rai, domin lissafi ne mai sauƙi. Wanda hatsinsa ya ƙare kafin damina dole ya tafi ƙwadago a gonar wani don a ci yau. Ranar da yake noman gonar wani, tasa na cika da ciyawa. Ba shi da jaki, saboda haka ba shi da taki. Da kaka ya girbi kaɗan, ya sayar da araha ya biya bashi da haraji, da bazara ya koma ya sayi hatsin da tsada, watakila ma a hannun wanda ya sayar wa. Shekarar da ciwo ko aure ya taso sai ya ba da gonar jingina, daga jingina sai sayarwa. Wato talaucin ne ke hana shi noma, alhali mai kallo daga nesa zai ce rashin noma ne ya jawo masa talauci. Mai hali kuwa duk wannan juyin shi yake yi wa aiki: shi ke ɗaukar ɗan ƙwadago, shi ke ajiye hatsi har ya yi tsada, shi ke karɓar jingina.

Ta kuma nuna cewa a 1900 mutumin karkarar Kano ba da gona kaɗai ya dogara ba. Yana saƙa, yana rini, yana fatauci da jakai zuwa nesa da rani. Zuwa 1970 yadin kanti ya kashe masaƙar gida, jirgi da mota sun kashe fataucin jaki, ciniki ya tattare a birni. Ga Ɗorayi a gindin birni mafi kasuwanci a Arewa, amma kusancin bai zame wa matalautanta aikin yi ba. Matan aure kuwa, duk da kulle, suna ta sana'a daga cikin gida, yara na kai talla. Wannan kasuwar ta cikin gida har yau ita ke riƙe da gidaje da yawa a Gyaranya da Ɗandago da Mandawari, kuma har yau ba ta cika fitowa a ƙididdigar gwamnati ba. In kun ji ana faɗan a hana talla a kai yara makaranta, ku tuna jarin uwar yarinyar a kan farantin nan yake. Ina goyon bayan a kai ta makaranta ɗari bisa ɗari, amma wanda bai tanadi amsar “wa zai kai ƙosan kasuwa?” ba, dokarsa a takarda za ta tsaya.

Yau gonakin da Hill ta gani sun zama filaye da gidaje. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, in gwamnati ta karɓi gona diyyar shuka da gini take biya, ban da ta ƙasar kanta. Wanda kuma ya sayar da kansa tun da wuri, ya sayar da farashin gona, mai saye ya yanka ya sayar da farashin fili.

Daga Sawaba zuwa soke haraji

Talakawan Kano ba su zauna sun naɗe hannu ba. Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a nan Kano, daga baya Malam Aminu Kano, haifaffen Sudawa a cikin birni, ya ajiye aikin koyarwa ya jagorance ta. Takardar Sawaba da suka fitar ta faɗa ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Kokensu a fili yake: haraji, aikin tilas, gaisuwar dole, kotun alƙali da 'yan doka da ake amfani da su a kan mai ƙorafi. An ɗaure su, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Abin da NEPU ta yi wa kalmar “talaka” shi ne ta ɗauke ta daga abin kunya ta mai da ita sunan da mutum zai bugi ƙirji ya amsa.

Sai a 1979 wannan gwagwarmaya ta hau kujera. Ranar 1 ga Oktoba Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya zama gwamna ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna. A 1980 gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, wadda ta ci lambar yabo ta UNESCO a 1983. A ganina, a duk tarihin nan babu manufar da ta isa hannun talaka kai tsaye kamar soke haraji, kuma dalilin mai sauƙi ne: ba ta buƙatar jerin sunaye. Ba fom, ba layi, ba ɗan siyasar da zai ce sai ka kawo katin jam'iyya. An sauke kaya ne daga kan kowa lokaci ɗaya, babu ta inda wani zai tsaya a tsakiya ya ci.

Amma tana da nata farashin, kuma ya kamata mu faɗa ko da muna son Rimi. Kuɗin fetur ne ya sa aka iya yin ta. Daga lokacin da gwamnati ta daina dogaro da aljihun talaka ta koma jiran kason wata-wata daga tarayya, sai ta rage jin tsoronsa. Sannan saboda haraji ne mai unguwa ya san kowane magidanci da sana'arsa. Lokacin da ake karɓa a hannun talaka an san gidansa sarai. Yanzu da aka ce za a ba shi, sai ga shi ana kashe maƙudan kuɗi wai ana neman inda yake.

Zamanin rabo

Abin da ya biyo baya kun san shi, ba sai na ja ba. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka rushe dala. Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga. Kuɗin fetur ya jawo samarin ƙauye birni, kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka ɗauki wasu, sauran suka cika tasha da kasuwa, kuma masu nazari da yawa sun danganta rikicin Maitatsine na Disambar 1980 da irin waɗannan samari da arzikin fetur ya wuce ta gabansu bai tsaya ba. SAP ta Babangida a 1986 ta karya naira, aka rushe hukumomin ciniki, masana'antu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda tsadar kayan aiki, rashin wuta da yadin waje. Matalaucin Iliffe na biyu, lafiyayye marar aiki, ya zama shi ne mafi yawa.

Tun daga nan kowace gwamnati da nata shirin: Bankin Al'umma a 1989, shirye-shiryen matan shugabanni, NAPEP a 2001 wadda abin da ya rage mana daga gare ta shi ne sunan keke. A jiha an kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, an yi auren zawarawa daga 2012, an tura ɗalibai karatu waje, an ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Tarayya ta kawo N-Power da ciyar da 'yan firamare a 2016, da naira 5,000 a wata ga gidaje mafi talauci, wanda aka zuba wa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, aka yi alkawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai bisa zargin karkatar da kuɗi. Ranar 1 ga Agustan 2024 kuwa duk mun ga abin da yunwa ta fito da shi kan titunan Kano.

Ba na cikin masu cewa duk shirme ne. Wanda N-Power ta riƙe shi shekara biyu ya san amfaninta, yaron da ya ci abinci a makaranta ya ƙoshi a ranar. Matsalar ita ce kusan dukkansu kyauta ce, mai bayarwa ke da ikon farawa da tsayarwa, kuma suna mutuwa tare da gwamnatin da ta haife su. A wasu ƙasashe abin ya bi wata hanya. Jamus ta Bismarck ta kafa inshorar lafiya ta ma'aikata a 1883 da fanshon tsufa a 1889, ba don tausayi ba, don tsoron 'yan gurguzu, amma da yake doka ce sai ta fi shi daɗewa. Burazil ta fara Bolsa Família a 2003, ana ba uwa kuɗi kowane wata bisa sharaɗin yara na zuwa makaranta ana yi musu rigakafi, da rajista guda da aka sani, har wanda aka tsallake yana da inda zai kai ƙara. Mu ma muna da irin wannan tunani a gida, don zakka a shari'a haƙƙin faƙiri ce a cikin dukiyar mai dukiya. Amma yadda da yawa ke fitar da ita, a tara mutane a ƙofar gida cikin rana ana miƙa musu 'yan canji, ta koma kamar alfarma. Dukiyar da ke juyawa a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da ana tattara zakkarta a ba mutum abin da zai zame masa jari kamar yadda malamai suka yi bayani, da lissafin jihar nan ya sauya.

Akwai kuma harajin da Rimi bai soke ba, don ba a rubuce yake ba. Gidan da ke da rijiyar burtsatse da sola ya biya sau ɗaya ya huta. Gidan haya a Ɗorayi ko Sani Mainagge kullum sai ya sayi jarka a wurin mai kura, saboda haka a kan kowace lita talaka ya fi mai kuɗi biya. Mai buhu yana sayen shinkafa da sari, mai gwangwani yana saye da tsada. Wannan shi ne juyin da Hill ta gani a gona, ya shigo birni ya sa riga.

Mu 'yan ajin ƙarshe yanzu kowa na neman taken furojek, kuma yawancinmu za mu ɗauko “tasirin kaza a kan kaza” mu raba takardar tambayoyi hamsin a cikin makaranta mu cike rabi da kanmu. Ga shawara ga 'yan ƙididdiga, 'yan tsara birane da 'yan harkokin mulki: ku haɗu ku ɗauki lungu ɗaya a Ɗorayi Babba ko Ɗorayi Ƙarama, ku fara gaida mai unguwa ku nemi izini, ku bi gida-gida. Mutum nawa ke kwana a ɗaki, wa ke da gidan wa ke haya, nawa ake kashewa a ruwa a mako, sana'ar me matan gidan ke yi, wa ya taɓa karɓar tallafin gwamnati kuma ta hannun wa. Sannan ku zauna da tsofaffin gidan ku tambaye su gonar kakansu: ina take, wa ya saya, a wace shekara, nawa aka biya, kuma me aka yi da kuɗin.